Tura Duka ko Zubar: Lissafin Mai Ƙaramin Jari a Gasar Poka ta Intanet

A wasan poka irin na Texas Hold'em, wanda shi aka fi bugawa a gasannin intanet, akwai lokacin da dabaru ke ƙarewa, zaɓi ya koma biyu kacal: ko ka tura duk ƙwandalolin wasa da ke gabanka, waɗanda su ne jarinka a gasar, tsakiyar tebur, ko ka zubar da katunanka ka jira rabo na gaba. Kusan duk wanda ya shiga gasa sai ya tsinci kansa a wannan hali, domin zubin tilas hawa yake yi a kan agogo, jari kuwa ba ya ƙaruwa sai an ci. A gasa mai sauri zubin kan hau kusan duk minti biyar, a mai saurin gaske kuma duk minti biyu zuwa uku. Cikin ɗan lokaci sai ka ga rabin tebur ya zama na masu ƙaramin jari.

Da farko dai, ba a ƙirga jari da yawan ƙwandaloli, da babban zubi ake auna shi. A kowane rabo mutum biyu ne ke zuba kuɗin tilas kafin su ga katunansu: ɗaya ƙaramin zubi, na kusa da shi babban zubi, wanda 'yan wasa ke taƙaitawa da BB. Akwai kuma ante, ɗan abin da kowa ke sakawa. Mu ɗauki tebur mai mutum takwas, zubi 500 da 1,000, ante 125. Kafin kowa ya motsa akwai 2,500 a tsakiya, wato BB biyu da rabi. Mai 10,000 a gabansa yana da BB 10. Wannan misalin za mu riƙe har ƙarshe.

Akwai wani ma'aunin da Dan Harrington, wanda ya lashe babbar gasar duniya ta poka a 1995, ya yaɗa: a raba jari da kuɗin da zagaye ɗaya na tebur ke ci. Ana kiransa M. A misalinmu 10,000 a raba da 2,500 ya ba da 4, ma'ana zagaye huɗu ne suka rage maka idan ka naɗe hannu. Harrington ya sa duk M da ke tsakanin 1 da 5 a jan yanki, inda babu abin yi sai turawa ko zubarwa. Yawancin 'yan wasan yanzu da BB suke ƙirga, amma M na da amfani ɗaya: yana tuna maka cewa ante na ci, ko kana wasa ko ba ka yi.

Me ya hana ƙaramin ƙari?

Tambayar da sabon ɗan wasa ke yi ke nan: me ya sa zan saka duk jarina alhali zan iya ɗaga zubi zuwa BB 2 in ga abin da zai faru? Amsar tana cikin abin da ke biyo baya. Ka ɗaga zuwa 2, mai babban zubi ya tura maka duka. Yanzu sai ka ƙara 8 don neman tarin 21.5, wato kana bukatar ka ci kashi 37 cikin ɗari kawai. Hannaye da yawa (hannu shi ne katuna biyun da ake raba wa kowane ɗan wasa) suna kusa da wannan, don haka ko ka amsa cikin rashin tabbas, ko ka zubar ka bar kashi ɗaya cikin biyar na jarinka ba tare da ka ga ko ɗaya daga katuna biyar da ake buɗe wa kowa a tsakiyar tebur ba. Idan kuma amsa ƙarin ya yi kawai, aka buɗe katunan tsakiya uku na farko, hannun da ba tagwaye ba, wato katunansa biyu ba lamba ɗaya ba ne, sau ɗaya cikin uku ne yake dacewa da wani kati. Sauran biyun kana zaune ba ka da komai, kuma jarin da ya rage bai isa ya tsorata kowa ba.

Turawa gaba ɗaya tana kashe waɗannan matsalolin biyu. Babu wanda zai iya kore ka daga hannun, kuma za ka ga katunan tsakiya biyar duka. Nauyin yanke shawara ya koma kan na bayanka. Daga BB 10 zuwa ƙasa wannan ita ce hanya a kusan kowane hali. Tsakanin 10 da 15 ƙwararru kan gauraya turawa da ƙaramin ƙari. Sama da 20 kuwa, buɗe wasa da tura duka yawanci ɓarna ce, domin abin da kake sakawa ya yi wa abin da ke tsakiya yawa.

Inda ribar take

Mutane da yawa suna zaton ana turawa ne don a ninka jari. Ba haka ba ne. Mafi yawan ribar turawa tana zuwa ne daga lokutan da kowa ya zubar, ka kwashe tsakiya ba gardama. BB biyu da rabi ga mai BB 10 ƙarin kashi 25 cikin ɗari ne, ba tare da an buɗe kati ba.

Ga yadda lissafin yake. Kana kujerar mai rabo, wato ta ƙarshe kafin masu zubi biyu, duk na gabanka sun zubar. Mu ƙaddara mai ƙaramin zubi zai amsa da kashi 12 na hannayensa, mai babban zubi da kashi 18. Yiwuwar su biyun su zubar ita ce 0.88 sau 0.82, kusan kashi 72. Mu ƙaddara hannunka matsakaici ne, wanda idan aka amsa zai ci kashi 35. Tarin zai zama BB 21.5, kasonka a ciki kusan 7.5, ka saka 10, saboda haka duk amsawa tana ci maka 2.5 a matsakaici. Haɗa su: 0.72 sau 2.5 riba ce ta 1.8, 0.28 sau 2.5 asara ce ta 0.7. Saura ribar BB 1.1. Lura da cewa hannun nan yana faɗuwa sau biyu cikin uku idan aka amsa, amma duk da haka tura shi ya fi zubar da shi nesa ba kusa ba.

Yanzu ɗauki wannan hannun ka kai shi kujerar farko, mutum bakwai na bayanka. Ko da kowannensu da kashi 9 kawai zai amsa, yiwuwar duka bakwai su zubar ta sauko kusan kashi 52. Kuma wanda ya amsa da babban hannu zai amsa, sai kasonka ya koma wajen kashi 30. Tarin 22.5, kasonka 6.75, asara 3.25. Riba 1.3, asara 1.56. Hannun da ya ba da riba mai kauri a can ya zama asara a nan, katunan ba su canza ba, kujera ce ta canza. Shi ya sa jadawalin turawa, wato jerin hannayen da ya kamata a tura daga kowace kujera, na BB 10 a tebur mai ante yake farawa da ƙasa da kashi 20 na hannaye a kujerar farko, ya buɗe zuwa kusan kashi 40 a kujerar mai rabo, ya wuce rabi a ƙaramin zubi.

Wanda ke son gajeriyar hanya: raba matsakaiciyar asararka idan an amsa da jimillar wannan asarar da abin da ke tsakiya. Abin da ya fito shi ne yawan zubarwar da kake bukata don ka tashi ba riba ba asara. A misalin farko 2.5 a raba da 5, kashi 50. Suna zubarwa 72, ka wuce da tazara.

A nan ya kamata a faɗi wani abu. Ribar BB 1.1 matsakaici ce ta dogon zango, ba alkawarin wannan rabon ba. Ko wanda ya shiga karo uku a jere yana da rinjayen kashi 80 kowane karo, yiwuwar ya tsallake dukkansu kashi 51 ce kawai. Wasan caca ne, gidan wasa kuma yana cire kasonsa daga kuɗin shiga kafin a raba komai, don haka jimillar 'yan wasa asara suke yi. Lissafin nan yana rage kuskure ne, ba ya cire sa'a daga wasan.

Jiran gawon shanu

Babban kuskuren mai ƙaramin jari shi ne jira. Hannaye 1,326 ake iya rabawa da katuna 52. Tagwayen 10 zuwa sama, haɗe da AK da AQ (A, K, Q da J su ne manyan katuna, A ne mafi girma), hannaye 62 ne a ciki, wato sau ɗaya cikin kusan 21. Rabo 21 a tebur mai mutum takwas ya haura zagaye biyu da rabi, kuɗinsa ya kai BB shida da rabi, ko da zubi bai hau ba, kuma zai hau. Mai BB 10 da ya zauna jiran irin wannan hannun zai same shi yana da uku ko huɗu. Ya ninka, ya koma takwas ko tara, bai ma kai inda ya baro ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne abin da ya salwanta a hanya. Duba lamarin daga wajen mai babban zubi. Idan mai rabo ya tura BB 10, sai ya ƙara 9 don neman 21.5, yana bukatar kashi 42. Idan BB 5 aka tura, zai ƙara 4 don neman 11.5, kashi 35. Idan 3 ne, zai ƙara 2 don neman 7.5, kashi 27 bai cika ba, kuma a wannan farashin kusan kowane katuna biyu sun cancanci amsawa. Wato ikon da kake da shi na sa mutane su zubar, wanda shi ne tushen ribar, yana narkewa tare da jarin. A BB 10 yana nan da ƙarfinsa, a 6 ya fara rauni, a 3 babu shi. Wanda ya fahimci wannan zai gwammace ya tura matsakaicin hannu daga kujera mai kyau yana da takwas, da ya riƙe AK yana da biyu da rabi.

Waɗanne katuna ne suka fi dacewa? Ya danganta da wanda zai amsa. Idan jari ya kai 10 zuwa 15, masu amsawa da manyan hannaye suke zuwa, kuma a gabansu A7 mai dangi daban-daban (dangi shi ne alamar da ke jikin kati, iri huɗu ce) yana shan wahala: idan ya haɗu da AK, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yake ci. J10 mai dangi ɗaya kuwa yana cin kusan kashi 40 a gaban AK ɗin, domin katunansa biyu a raye suke, wato abokin karawa bai riƙe irin ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma A na da nasa amfanin. Riƙe shi yana rage hanyoyin da wani zai samu AA daga shida zuwa uku, AK daga 16 zuwa 12, wato yana rage yawan amsawa. Idan jari ya sauka zuwa biyar ko ƙasa, masu amsawa da tarkace suke zuwa, sai girman kati ya fi jituwar katuna (kusancin lamba ko zama dangi ɗaya) muhimmanci, K5 ya fi 76. Ƙananan tagwaye kuma suna da ɗan rinjaye, kashi 52 zuwa 55, a gaban manyan katuna biyu, amma idan suka ci karo da tagwayen da suka fi su, kusan kashi 20 suke da shi.

Jarin da ake ƙirgawa, a tuna, shi ne mafi ƙanƙanta tsakaninka da waɗanda suka rage. Kana da BB 40, masu zubi biyu suna da tara-tara, to wasan BB 9 kake yi.

Amsawa wani lissafi ne daban

Mai turawa yana da hanya biyu ta cin nasara: a zubar masa, ko katunansa su ci. Mai amsawa hanya ɗaya gare shi. Wannan ne ya sa ba a amsawa da duk hannun da ake turawa da shi, kuma rikita waɗannan biyun yana cikin abubuwan da suka fi fitar da mutane daga gasa.

Jadawalin da ake yawo da su an gina su ne a kan daidaiton Nash, daga aikin masanin lissafi John Nash na 1950: matsayin da babu ɓangaren da zai ƙaru idan ya canza dabararsa shi kaɗai. A wasan mutum biyu, ba ante, jari BB 10, mai ƙaramin zubi yana tura kusan kashi 58 na hannaye, mai babban zubi yana amsawa da kusan kashi 37. Dubi tazarar.

Sai dai jadawalin ya ɗauka abokin karawarka ma da shi yake aiki, kuma a ƙananan gasanni da wuya haka ta kasance. Idan mutum ya shafe zagaye uku bai motsa ba sannan ya tura daga kujerar farko, ba da kashi 15 yake turawa ba, wataƙila da biyar ne, kuma A10 ɗinka da jadawali ya ce ka amsa da shi ya zama abin zubarwa. Haka idan na bayanka masu tsoro ne, ka faɗaɗa turawa fiye da jadawali. Idan kuwa mai babban zubi irin wanda ba ya zubar da duk wani A ko K ne, sai ka cire ƙananan hannaye masu jituwa, ka riƙe masu manyan katuna. Kada kuma a manta da waɗanda ba su yi magana ba tukuna: amsa turawa alhali mutum huɗu na bayanka yana bukatar hannun da ya fi na amsawa daga babban zubi ƙarfi sosai.

Lokacin da ƙwandala ta daina zama kuɗi

Duk lissafin da ya gabata na ƙwandaloli ne. Amma gasa ba ta biyan ƙwandala, matsayi take biya, kuma wanda ya tattara duka ba ya ɗaukar duk kyautar. Ma'aunin da ake amfani da shi wajen mayar da jari kuɗi shi ne ICM, wanda ya samo asali daga lissafin David Harville na 1973 kan tseren dawaki, Mason Malmuth kuma ya shigo da shi poka. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: yiwuwar ka zo na ɗaya daidai take da kasonka na ƙwandalolin gasar, sannan a maimaita hakan ga matsayi na biyu da na uku a tsakanin waɗanda suka rage.

Ɗauki mutum uku masu 5,000 da 3,000 da 2,000, kyauta kashi 50, 30 da 20. Mai rabin ƙwandaloli darajarsa kashi 38.4 ce ta kyautar, na tsakiya 32.8, na ƙarshe 28.9. Mai jari ninki biyu da rabi na wani bai fi shi da kashi goma ba. Ƙwandalar da ka rasa ta fi wadda ka ci tsada.

Wurin da wannan ya fi cizo shi ne ƙofar biya, lokacin da saura mutum ɗaya ya fita a fara raba kuɗi. Mutum huɗu, jari daidai wa daida, uku za a biya kamar yadda aka ambata. Darajar kowa kashi 25. Idan biyu suka kara da duk jarinsu, wanda ya faɗi ya koma sifili, wanda ya ci ya koma 38.3. Ka saka 25 don neman ƙarin 13.3, sauran 11.7 kuma ya tafi aljihun mutum biyun da suka zauna kallo. Idan aka ajiye zubi gefe, kana bukatar ka ci kashi 65 kafin amsawa ta biya. AK mai dangi daban-daban, a gaban mutumin da ke tura kowane katuna biyu ido rufe, kusan kashi 65 ɗin yake ci. Hannun da kowa ke ɗokin gani ya zama ba riba ba asara, kuma idan mai turawar yana ɗan zaɓe, zubarwa ce daidai.

ICM ya fi matse mai amsawa fiye da mai turawa, kuma ba kowa yake matsewa daidai ba. Mai babban jari zai iya turawa da faɗi domin babu mai iya fitar da shi. Mai matsakaicin jari shi ne a tsaka mai wuya, musamman idan akwai wani mai BB biyu da ke shirin fita. Mafi ƙarancin jari a tebur kuwa bai da abin karewa sosai, wasansa ya fi kusa da lissafin ƙwandala zalla, kuma wanda ya kamata ya nufa da turawarsa shi ne mai matsakaicin jari, ba babba ba.

Gasar neman gurbi, inda duk waɗanda suka tsallake kyauta iri ɗaya suke samu, ita ce ƙarshen wannan hanyar. Gurbi goma, mutum 11 suka rage, jarinka wadatacce ne, wani yana da BB ɗaya a wani tebur. Wanda ya fi ka jari ya tura, kana riƙe da AA. Tagwayen A suna cin kusan kashi 85 a gaban hannun da ba a zaɓa ba. Amsawa tana nufin ka sayi haɗarin fita na kashi 15 don neman ƙwandalolin da ba za su ƙara maka komai ba. A zubar.

Akasin haka ake samu a gasar da aka ɗora lada a kan kowane ɗan wasa. Wanda ya fi ka jari zai amsa maka da faɗi domin yana hangen ladan kanka, don haka zubarwar da kake dogaro da ita ta ragu, sai ka karkata ga hannaye masu ƙarfin ci idan an buɗe.

Sake turawa a kan mai ƙari

Tsakanin BB 12 da 20 akwai makamin da ya fi buɗe wasa riba. Wani daga kujerun ƙarshe ya ɗaga zuwa 2.2, tsakiya ta zama 4.7. Mai BB 16 da ya tura a kansa, idan aka zubar masa, ya ƙaru da kusan kashi 30. Sharaɗin shi ne mai ƙarin ya kasance yana buɗewa da hannaye da yawa waɗanda ba zai iya amsawa da su ba. A kan wanda ya ɗaga daga kujerar farko wannan dabara ba ta aiki, haka ma idan jarinka bai wuce bakwai ko takwas ba, domin farashin da za ka ba shi ya yi arha, ba zai zubar ba.

Game da kayan aiki, manhajoji irin su ICMIZER da HoldemResources Calculator suna lissafa waɗannan yanayi dalla-dalla, kuma wurin amfaninsu shi ne bayan an tashi wasa: a ɗauko hannayen da aka yi shakka a kansu, a canza zaton yadda abokin karawa ke amsawa, a ga inda hukunci ke juyawa. Manyan shafukan poka sun haramta amfani da manhajar da ke ba da shawara ana cikin wasa, hukuncin kan kai ga rufe asusu da ƙwace kuɗin ciki, kuma dokar duba jadawali ma ta bambanta daga shafi zuwa shafi.

Abin da jadawali ba ya gani shi ne agogo da rabo na gaba. Jarin 10,000 BB 10 ne a zubin 500 da 1,000, amma idan saura minti ɗaya a koma 750 da 1,500, ya kusa zama shida da ɗoriya. Idan kuma kana kujerar farko, rabo mai zuwa babban zubi zai faɗo kanka, na bayansa ƙarami, ka fito da ragin fiye da BB ɗaya da rabi. A irin wannan hali, hannun da ke kan iyaka, wanda lissafin wannan rabon kaɗai ya nuna ba riba ba asara, turawa ake yi da shi. Idan kuwa ka riga ka wuce zubi, kana da rabo biyar ko shida masu arha a gabanka, ko akwai wanda zubi zai cinye kafin ya iso kanka a ƙofar biya, wannan hannun dai zubar da shi ake yi.